Shekarar da Na Riƙe wa Innarku Salula

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya cikin abin da na aikata a duniya, ba zan yi dogon tunani ba. Magana ce guda da na faɗa cikin salula wata Juma'a da la'asar, na aika wa yayanku Habu yana kwance a ƙasar mutane da karyayyen ƙugu. Cewa na yi, "Uwarka ta ƙi magana." Na san har yau akwai waɗanda a cikinku, musamman ke Sa'a da kai Lawali, suke ganin Innarku Rakiya, Allah ya jiƙanta, ta yi wa yayanku taurin zuciya a shekarar nan. Kun ga abin da idonku, don haka ban ga laifinku ba. Amma rabin labarin kuka gani, sauran rabin yana wurina, kuma ba na so a binne ni da shi.

Ku da kuke ɗaukar ƴaƴanku na fari kuna yi musu wasa a gaban kowa, sai na yi muku bayani. A tashinmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta ɗaga ido ta dube shi in da mutane a wurin. Kunya ake ce mata, kuma wadda ta fi riƙe ta ita ake yabo. Ana yaye Habu aka kai shi wurin kakarsa a Sarkin Yamma, can ya yi wayo, sai da ya isa noma ya dawo mana Madarumfa. Tun daga ranar har ya bar gida ban taɓa jin sunansa a bakin Innarku ba. In da ni take magana ta ce "yaron nan," in da ku ne ta ce "yayanku." Ni kaina ban cika kama sunan ba, yanzu ma takarda ce ta ɗauke mini nauyi. Amma duk ranar da aka soya kifi a gidan nan, tsakiyar kifin tana shiga wani ɗan kwano mai murfi, ta miƙa wa Sa'a ta ce, wannan ya yi saura, ki kai wa yayanki kada ya lalace. Shekara da shekaru tsakiyar kifi ce kullum take yin saura, ni kuwa ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Da Habu ya tafi Tamanrasat aikin gini, bai daɗe ba ya aiko da salula irin ta shafawa ta hannun wani direba, ya ce ta gida ce. Ni kuwa na zura ta a aljihu. Ban ga abin tambaya ba a ciki. Ni ne na yi shekara shida a lakwal, wato makarantar boko, ni nake rubuta wa ƴan garka, masu noman lambu, takardunsu, ni ake kawo wa wasiƙa in karanta tun ina saurayi. Sai ya zama kowace Juma'a in an sauko daga masallaci mu taru ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, in kunna muku bokal ɗin da ya aiko, wato saƙon murya, sa'annan in bi ku ɗaya ɗaya ina riƙe da salular kowa ya mayar masa da gaisuwa. In na zo kan Innarku, kullum abu ɗaya ne.

"Ga shi, yi masa magana."

"Ka ce masa muna lafiya," ta ce, tana tsince wake ba ta ko ɗago kai ba.

"To ai yana jin ki."

"To ya ji ke nan."

Sai mu yi dariya, in ce wa Habu, ka dai san halin uwarka, in saki yatsa. Shekara huɗu muna haka. A ganina komai yana tafiya daidai.

A shekara ta biyar, farkon damina, wata ƙungiya ta kawo karatun salula na manya garin nan. Wata matashiya suka turo daga Maradi, Madam Zuwaira, tana zuwa bisa babur sau biyu a mako. In yara sun tashi daga lakwal sai manya su shiga su zauna a bencinsu, gwiwoyi suna tokarar tebur: maza ranar Litinin, mata ranar Laraba. Da yake an gaya mata ina da ɗan karatu, ta zo har garka ta roƙe ni in taimaka mata a ajin maza. Ban taɓa ganin koyarwa irin tata ba. Ba ta fara da baƙi ba, don yawancin mutanen ba su san harafi ko ɗaya ba. Ta zana salula ƙatuwa a allo, ta zana ɗan hoton nan da ake dannawa, ta ce abu uku ne kawai yau: ka danna ka riƙe, ka yi magana, ka saki. Tsoho Tanko masunci, wanda ya saba kiran abokinsa daga wannan gefen tabki zuwa wancan, ya miƙe tsaye ya kwarma sallama cikin salula har awaki suka watse a filin lakwal.

"Baba Tanko, a hankali," in ji Madam. "Tana ji ko raɗa ka yi."

"Ɗiyata, ɗan nawa yana Ɗan Issa fa. Raɗa za ta kai can?"

Sannu a hankali ta koya musu yadda ake ajiye lambar mutum da hotonsa, yadda ake ɗaukar hoton ganyen da ƙwari suka ci a aika wa malamin gona, yadda ake tambayar farashin zogale a Maradi kafin a ɗora buhu a mota, da yadda in baƙo ya kira ya ce ka karanto masa lambobin sirrin da suka shigo maka sai ka kashe kawai. Ni ina zagayawa tsakanin benci ina kama yatsun mutane ina ɗorawa inda ya kamata. Kafin wata biyu an laƙaba mini Mushe Idi, kamar malamin lakwal na gaske. Ba zan ɓoye muku ba, sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Har sabuwar hula na saya.

Cikin wannan lokaci ne Innarku ta tambaye ni. Ta kawo mini fura, ta durƙusa gefe, ta daɗe tana gyara bakin tabarma.

"Malam, an ce mata ma ana koya musu ranar Laraba."

"Ana koya wa waɗanda ba su da mai yi musu," na ce. "Ke me kika nema kika rasa?"

"Ba komai."

Bayan mako biyu ta sake. Ta ce Delu ta iya, har tana aika wa ɗiyarta murya a Damagaram ita kaɗai. Delu kun san ta, taubashiyata mai suyar kifi a bakin tabki. Na ce Delu ba ta da miji mai karatu a gida, dole ta koya. A karo na uku ba ta tambaya ba. Wata Laraba na dawo ɗaukar igiya na tarar ta yafa mayafinta na fita, tana tsaye bakin zaure. Na dube ta, na ce, to wa zai kai mini abinci garka yau? Ta tsaya kaɗan, ta koma ciki, ta cire mayafin ta ninke. Abincin kuma ya iso garka da zafinsa.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kishin mutuncinta nake, kada matar Mushe ta zauna a bencin yara ana yi mata dariya in ta kuskure. Ba shi ba ne. Ina son a riƙa nemana. Tun ina yaro abin da na fi kowa a gidanmu ke nan, in riƙe takarda mutane su yi shiru suna jiran abin da zai fito daga bakina. Da wasiƙa ta mutu salula ta maye gurbinta, sai na ga har yanzu ina da wuri. A waje ina koya wa mutane su daina buƙatata, ana yaba mini. A gida kuwa na ƙi, don nan ne kaɗai ya rage mini.

Ana cikin yankan hatsi wani abokin aikin Habu ya kira ya ce katakon da suke takawa ya karye, yayanku ya faɗo daga hawa na biyu. An kai shi asibiti, ƙugu ya karye, amma yana magana. Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Kwana uku gidan nan bai rabu da masu jaje ba, ranar Juma'a kuwa ya cika maƙil: matan unguwa a tsakar gida, maza a zaure har waje, ƴan'uwan Innarku sun zo daga Sarkin Yamma. A cikin wannan taro bokal ɗinsa na farko ya shigo. Maimakon in keɓe in saurara, sai na ƙara murya har ƙarshe na ɗaga salular sama don kowa ya ji. Muryarsa ta fito a shaƙe.

"Baba, jiki da sauƙi, kada ku damu. Sun ce sai na yi wata uku a kwance. Baba, don Allah ka ba Inna. Ko kalma ɗaya ce in ji muryarta."

Gida ya yi tsit. Na ratsa mata na je gabanta, na danna na riƙe, na kai mata salular dab da baki. Ido sama da talatin yana kanta, har da na yayyenta maza da na matar liman. Ta buɗe baki, ta rufe. Sai ta miƙe ta shiga ɗaki ta saki labule. Yatsana yana kan salula har lokacin, tana ɗaukar shirun. Raina ya ɓaci, na ji ta kunyata ni a gaban mutane. Na kai salular bakina na faɗi maganar nan, na ƙara da Allah ya ba ka lafiya, na saki. Na san yadda ake goge saƙo kafin mai shi ya saurara, ni na koya wa su Tanko a aji. Ina kallonsa ya tafi, ban goge ba.

Habu bai ce komai a kai ba. Juma'ar da ta biyo ya aiko kamar kullum, ya gaishe ni, ya gaishe da Sa'a da mijinta, da Lawali, da maƙwabta, har ya tambayi ko an gyara katangar garka. Sai dai ƙarshen nan da ya saba yi, "ku gaishe mini da Inna," babu shi. Na ɗauka mantuwa ce. Juma'a ta gaba ma babu. Innarku tana zaune da kwaryar wakenta tana saurare har saƙo ya ƙare, ta ci gaba da tsinta. Amma ta fara ramewa. Ta sa gishiri sau biyu a miya, ita da ba ta taɓa yi ba. Ni kuwa in mun keɓe sai in ce mata, ai ga abin da kika jawo, yaro yana kwance ya roƙe ki kalma ɗaya. Ta ce, haka ne, Malam. Ku ma kun ji ina faɗa, shi ya sa kuka ɗauka haka abin yake.

Delu ce ta warware ni. Na bi ta bakin tabki wata safiya zan wuce garka, tana juya kifi a kasko, ta hango ni.

"Mushe na bogi, zo nan. Bawan gidanmu ya yi hula ya daina gaida iyayen gidansa."

"Ke Delu, kifin jiya ne kike sake soyawa ko na shekaranjiya?"

"Na kakanka ne. Zauna, magana gare ni."

Na zauna kan wani kwale-kwale da aka kife. Ta sauke kaskon, ta goge hannu, fuskarta ta canja. Ta ce ko na san inda matata take zuwa kullum in ta ce za ta sayo kifi. Nan take zuwa, ta ari salular Delu, ta koma bayan rumfa, ta yi ta gwada dannawa da saki. Wata guda ke nan. Lamba ce ba ta da ita, lambar tana aljihuna, kuma ba za ta iya buɗe baki ta ce in ba ta lambar wane ba.

"To in tana son magana da shi, me ya hana ta ranar da na miƙa mata?" na ce.

"A gaban yayyenta? A gaban matar liman? Idi, kai a garin nan aka haife ka kuwa? Ko uwarka ta taɓa yi wa yayanka magana kana tsaye?"

Ta nuna ni da yatsa, ta ci gaba.

"Shekara huɗu kana tsaye a kanta kamar jandarma, kana riƙe da abu a bakinta. Ka taɓa ajiye mata ka fita?"

"In na ajiye mata ai ba ta iya ba."

"To wa ya hana ta iyawa?"

Ta mayar da kaskon kan wuta, ta ci gaba da aikinta kamar ba ni a wurin. Na daɗe zaune ina kallon masunta suna jan taru. Da na tashi ta ƙunsa mini kifi biyu a takarda, ta ce in kai wa matata, ni kada in taɓa, ban cancanta ba.

Ina so in ce muku na koma gida na nemi gafararta. Ban iya ba, bakina ya yi nauyi. Abin da na iya shi ne, ranar Talata da yamma tana wanke kwanuka na tsaya bayanta.

"Gobe Laraba."

"Na sani, Malam."

"Gobe kada ki wahala da kai mini abinci. Zan ci wurin su Tanko."

Hannunta ya tsaya cikin ruwa. Ba ta waiwayo ba.

"To," ta ce.

Da safe na ajiye salular kan murfin tukunyarta na fita.

Abin da ya faru a ajin mata daga bakin Delu na ji shi, guntu guntu, tana haɗawa da zagina. Ranar farko salular ta ƙi jin yatsan Innarku, kamar yadda ta Delu ta sha yi mata. Shekara arba'in na daka da wanki da ban ruwa sun sa fatar ta yi kauri ta tsattsage, tana shafawa gilashi bai san an taɓa shi ba. Ta ce wa Madam, ƙila abin ba na irinmu ba ne. Madam ta kama hannun ta bi yatsun ɗaya ɗaya har ta kai ɗan ƙaramin, shi ne ya kama. Daga ranar da ɗan ƙaramin yatsa take komai, sauran a tanƙwashe, kamar mai ɗanɗana miya. Da aka zo ajiye lamba, Madam ta ce, Inna, wane suna za mu sa masa? Innarku ta sunkuyar da kai. Madam ta sake tambaya. Delu ta yi tari, ta ce, ɗiyata, na fari ne. Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi wa kowa wa'azi kan zamani ya canja ba. Cewa ta yi ai ba dole sai suna ba. Ta buɗe mata ƙananan hotunan nan, ta ce ta zaɓi wanda za ta gane. Innarku ta daɗe tana dubawa, ta wuce zuciya, ta wuce fure, ta ɗora yatsa kan wani ɗan gida mai jan rufi, tunda magini ne.

Tun daga wannan rana Madam ta kawo sabuwar doka a ajin mata. In an kusa tashi, kowace ta ɗauki salula ta nemi inuwarta a filin lakwal, nesa da kowa, ta yi abin da ta ga dama, ba mai leƙa ta. Ashe ba Innarku kaɗai ba ce. Mata da yawa a ajin suna da wanda ba sa iya yi wa magana a gaban mutane. Litinin ɗin da ta biyo Madam ta ja ni gefe kafin maza su shigo.

"Baba, ka iya koyarwa, amma kana da abu ɗaya. In ka nuna wa mutum, ba ka tashi daga kansa."

"Don kada ya kuskure ne."

"Bar shi ya kuskure, Baba. Salula ba ta fashewa don an danna ba daidai ba."

A haife na yi jika da ita, amma na ce to.

Innarku ba ta yi gaggawa ba. Larabar nan ta je, ta gaba ta je, har sanyi ya shigo, ba ta aika komai ba. Na ƙagu, amma na kame bakina. Sai wata safiya bayan na karya ta zo ta tsaya.

"Malam, yau za ka garka?"

"Zan je."

"Da ka bari sai azahar. Ni zan yi ban ruwan."

Na gane. Ta ɗaura salular a bakin zane ta fita. Na zauna a zaure ina gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Ta fi awa biyu. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ƙafafunta babu laka ko kaɗan, alamar zogale bai ga ruwa ba ranar. Ta ajiye salular kusa da ni don in sa mata caji. Na duba, ga saƙo ƙarƙashin ɗan gidan nan, dogo, ban taɓa ganin bokal mai tsawonsa ba. Dannawa ɗaya zan yi in ji duka. Na daɗe ina kallonsa. Na kife ta, na kai ta caji.

Habu ya saurara a ranar, alamar ta nuna. Amma bai amsa ba. Kwana ɗaya, biyu, Juma'a ta zo ta wuce ko ni bai aiko wa ba. Innarku ba ta tambaya da baki, sai dai duk shigowata ta dubi hannuna. A kwanakin nan ne na san nauyin abin da na yi, don na ga zai yiwu yaron ya riga ya rufe zuciyarsa, kuma ni na rufe masa ita. A rana ta tara, ana shirin azahar, salular ta yi ƙara, ga ɗan gida ya hau sama. Na kai mata madafa, na ajiye kan turmi, na ce zan tafi masallaci. Ko kiran salla ba a yi ba. Na zauna ni kaɗai a sahun gaba har ladan ya zo ya same ni, ya tambaye ni ko lafiya. Da na dawo na ji ta daga zaure tana ƴar waƙar daka a hankali, wadda rabona da ji tun kuna ƙanana. Juma'ar nan Habu ya aiko wa gida, ya bi kowa da suna, a ƙarshe ya ce ku gaishe mini da Inna, ko da yake mun gaisa jiya. Kun yi ta kallonta. Ita kuwa ta ce wa Sa'a ta duba tuwo kada ya kama.

Daga baya na keɓe na aika masa nawa, na gaya masa yadda abin ya kasance ranar taron da kuma Larabobin da na hana ta. Ya ce, Baba, ya wuce. Amma ya ƙara da maganar da ba ta bar ni ba har yau. Ya ce wata ukun da ya yi yana kallon rufin ɗaki, ba ƙugun ne ya fi damunsa ba. Ya yi ta tunanin ko don a Sarkin Yamma ya girma ne, ko tun asali ba ta ɗauke shi kamar sauran ba. Namiji mai shekara talatin da wani abu, shi kaɗai a ƙasar da ba a jin harshensa, yana wannan tunani saboda maganata.

Salular ta koma hannunta, ni na nemi ƴar ƙarama mai maɓalli. Da babbar Salla Habu ya zo gida yana ɗingishi da sanda. Na zaci yanzu kam za a zauna a yi hira. Ina! Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa, ta ce wa Lawali, ka ce wa yayanka ruwan wanka yana bayi. Muna zaune a zaure ni da shi bayan an ci abinci, sai salularsa ta yi ƙara. Ya duba, ya dube ni, ya kara ta a kunne. Daga madafa aka aiko, taki goma tsakaninsu. Ya yi dariya, ya goge ido da bakin riga, ya danna ya amsa ƙasa ƙasa. Na tashi na ce zan duba rago. Haka suka yi har ya koma.

Damina biyu Innarku ta ƙara bayan wannan, Allah ya karɓi abinsa. Duk abin da suka faɗa wa juna yana wurin yayanku, ban ji ko ɗaya ba, ban kuma tambaya ba. Abin da nake tunawa kawai shi ne salular nan ta fi daɗewa a aljihuna fiye da yadda ta daɗe a hannunta.

To, ƴaƴana, Innarku ba ta taɓa ƙin yayanku ba, ku cire wannan daga ranku, ku gaya wa ƴaƴanku ma. Abin da nake roƙonku kuma kaɗan ne. Dukanku kun fi ni sanin abubuwan nan yanzu, kuma kowannenku yana da wani tsoho ko wata tsohuwa kusa da shi da yake miƙo masa salula ya ce duba mini. Kada ku ji daɗin wannan miƙowar kamar yadda na ji. Ku zauna ku koya masa ko zai ɗauki shekara, ko da wane yatsa ne ya kama. In ya iya, ku tashi ku ba shi wuri, don ba ku san wa yake so ya yi wa magana ba.